Ranar da Ladanai Suka Kira Sunana

Na ji abin da kuka faɗa jiya a bakin shago, kada ku ɗauka ƙarar injin niƙan maƙwabta ta toshe mini kunne. Wai me Anti Memuna take yi ne har mako biyu kafin ta saki sabuwar sigar manhaja, alhali ku kun gama rubutunku tun tuni, saura danna maɓalli kawai. Wani ma cewa ya yi tsufa ne ya fara taɓa ni. To madalla. Ku jawo bencin nan ku zauna, in ya so gobe ku ci gaba da gulmata da ilimi.

Manhajar nan da kuka tarar, rajista ce ta makarantun Islamiyya na Zongo, ba wani abu ba. Malami ya shigar da sunan ɗalibi, ya rubuta izun da ya biya masa yau, ya ƙara 'yar magana a ƙasa idan yana so. Buɗaɗɗiya ce, ba ta da mai ita, kowa na iya duba rubutunta ya kawo gyara. Ku kuna rubutu a nan Maamobi, wani yana yi a Kumasi, wani a Yamai yana juya ta zuwa Faransanci. Duk na ji. Amma dole wani ya tashi wata rana ya ce an rufe ƙofa, daga yau ba a ƙara komai. Shi zai tattara, ya gwada, ya rubuta takardar abin da ya canza, ya sa lamba, ya sa hannu da makullin sirri na kwamfuta, ya fitar wa duniya. Idan ta yi kyau, a ce yara sun yi ƙoƙari. Idan ta ɓaci, shi za a nema. Shekara goma sha ɗaya ke nan ni ce wannan wanin.

Sakin farko da na yi da hannuna, kwana goma ya ci mini. A lokacin ina buga wa mutane takardu a wani ɗan shago kusa da babbar gota, magudanar ruwan nan ta Nima, wasiƙun neman aiki da katin biki. Mai gyaran kwamfutocin shagon wani Bazabarme ne, Masta Hamidu, shi ya fara rubuta manhajar don makarantar ƙaninsa. Mutum ne marar yawan magana, kuma ba ya yabo, ko da kuwa ka tashi sama. Ya sa na sayi littafin rubutu na 'yan makaranta, ya ce duk matakin da na ga ya bi in rubuta shi da biro. Da na ce na gama, sai ya goge wata tsohuwar kwamfuta tas, ya miƙo mini ita, ya ce in haɗa manhajar daga farko da littafina kaɗai. Ta ƙi. Na tambaye shi inda na yi kuskure, ya ce littafin zan tambaya, ya koma shan shayinsa. Sau bakwai yana goge ta. Wallahi a na biyar sai da na fita bayan shago na zage shi a raina, sannan na dawo na ce Masta a sake. A na bakwai ta tashi. Abin da kawai ya ce shi ne rubutuna na biro ba ya karantuwa.

Kayan aikina kuna ganinsu kuna dariya. Kwamfutar nan da batirinta ya mutu tun zamanin da dumsor ya fi ƙamari, wuta ta zo awa biyu ta tafi awa goma, ita ta koya mini ajiye aiki a kowane mataki. Aljihun teburin nan wayoyi tara ne a ciki, babu ta kirki ko ɗaya. Akwai mai fasasshen gilashi, akwai wadda hoto biyar ke cika ta, akwai wadda aka mayar da harshenta Larabci komai ya koma daga dama. Irinsu ne a hannun malamai, ba irin naku masu sulɓi ba. Sai filas ɗin da makullin sa hannu ke ciki, wanda Masta ya ba ni ranar da zai koma gida Nijar. Ba ya kwana a shago, kuma ba ya shiga kwamfutar kowa. Kun sha roƙona kwafi, amsar tana nan yadda kuka bar ta.

Masu amfani da ita kuwa, sai ka yi haƙuri da su. Malami zai aiko saƙon murya na minti biyar, huɗu gaisuwa, ya tambayi gida da yara da gajiya, a na ƙarshe ya ce abin nan ya ƙi. Wane abu? Abin nan dai. Sai ka hau trotro, motar haya, ka je Kawukudi ka tarar jikansa ne ya cika wayar da wasanni. Amma a irin wannan yawon na san abin da ku ba ku sani ba. Malamanmu ba sa sayen data don su sauke manhaja. Mutum ɗaya ya sauke, sauran duk waya da waya ake tura musu, a bakin masallaci, a wurin suna, a layin sayen waakye, shinkafa da waken nan. Rajistar ma haka take tafiya: malamai biyu na makaranta ɗaya su haɗa wayoyinsu, wadda ta fi zama sabuwa ta rinjayi ɗayar. Abin da ka saki da safe a Nima, kafin la'asar ya kai Sabon Zongo ba tare da ya taɓa intanet ba. Ku riƙe wannan, don shi ne ya kusa kashe mu.

Shekarar da nake kira baƙar shekara, aikin da ya jawo ta ƙarami ne. Malamai sun dame mu cewa wani lokaci ana shigar da yaro ɗaya sau biyu, rajista ta cika da maimaici. Sai Basit ya ɗauki aikin. Basit ɗan wani babban Alhaji ne a Nima, yana aiki a wani ofis a cikin gari, kuma kai gare shi, ban taɓa musu ba. Ya rubuta cewa duk ɗalibai biyu masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya a makaranta ɗaya, a haɗe su su zama mutum guda. A ofishinsu wannan daidai ne, kowa da takardar haihuwarsa. A Zongo kuwa, wa ya taɓa tambayar ranar haihuwa a makarantar Islamiyya? Akwatin yana tilasta a cika, malamai sai su bar abin da suka tarar a ciki, ɗaya ga Janairu, shekara iri ɗaya, daga mai shekara shida har mai sha shida. Sunaye kuma kun sani, a aji ɗaya sai ka kira Fati Muhammad yara uku su amsa.

Basit bai san haka ba. Ni na sani, da ƙafata na zagaya makarantun nan. Amma na riga na yi alkawarin ranar saki a zauren malamai na waya, ina jin kunyar in ɗaga, sai na gwada da jerin sunayen da na ƙirƙira da kaina, kowa da sunansa daban da ranarsa daban, tsaf-tsaf kamar jerin kwanon amarya. Komai ya wuce lafiya. Akwai kuma kuskure na biyu, wanda shi nawa ne ni kaɗai: manhajar tana ɗaukar kwafin ajiya duk lokacin da aka sabunta ta, ban duba ba ashe sai bayan ta haɗe sunayen take ɗauka. Na sa hannu ranar Litinin da hantsi, na saki, har na saya wa kaina lemo.

Talata da safe Malam Sulemana ya zo shagon nan da kansa. Shi ne shugaban wata babbar makaranta a bayan kasuwa, ɗalibai sun haura ɗari uku, kuma ba mutum ne mai zuwa wurin mace neman bayani ba. Bai zauna ba. Ya ajiye wayarsa a kan tebur ya ce in nemo masa Rukaya Muhammad. Na nemo. Guda ɗaya ce, tana izu tara. Ya ce Rukaya Muhammad uku gare shi, kuma babbarsu ta sauke Alƙur'ani, saura mako uku a yi walimarta tare da 'yan ajinta. Babanta mahauci ne a kasuwar Nima, ya riga ya aika wa dangi har arewa.

Na ce masa ai shi ya san yarinyar, ya san ta sauke. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce a makarantarsa ba a saukar da yaro a kan zato, sai da shaidar malamin da ya saurare shi izu bayan izu, haka ya gada haka zai bari. Malamin da ya saurari Rukaya kuwa Malam Yakubu ne, wanda ya rasu mako biyar kafin nan, Allah ya jiƙansa. Shaidarsa a cikin rajista take, kuma duk wayoyin malaman makarantar sun riga sun haɗu da juna, ɓarnar ta shiga ko'ina. Idan ba a samo ba, Rukaya za ta sake biyawa daga inda wani malami mai rai ya tsaya da ita, a cire ta daga walimar bana. Na tambayi wayar marigayin, ya ce ya aika gida an ce ba a san inda take ba tun ranar jana'iza.

Kafin azahar na cire sigar daga shafinmu, na tara waɗanda ke kusa, mu biyar a nan inda kuke zaune. Kowa ya yarda a gyara. Inda muka rabu shi ne yadda za a faɗa. Su huɗu suka ce a yi shiru, a fitar da gyara cikin kwana biyu, a rubuta a takarda cewa an inganta wasu abubuwa, wanda ya yi ƙorafi a ce wayarsa ce. Suka ce Zongo wuri ne da kowa ya san kowa, idan magana ta fita babu makarantar da za ta sake yarda da mu, ga kuma sunan gidan su Basit. Shi Basit kansa yana zaune a ƙasa, ya sha jinin jikinsa. Na ce musu cirewa daga shafi ba ta tsayar da komai ba, sigar tana yawo a aljihun mutane yanzu haka, kowace awa wata makaranta tana rasa ɗalibanta ba ta sani ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce to mu rubuta a zauren malamai a hankali. Na ce rabinsu ba sa buɗe zauren sai ranar Juma'a.

"Anti, so kike ki tona mana asiri a titi?" in ji shi.

"A masallaci ma," na ce. "Kuma ba naku ba, nawa. Wanda ya sa hannu shi ya saki."

Suka ce za su kaɗa ƙuri'a. Na ce su kaɗa, ƙafafuna ba sa cikin ƙuri'ar.

Kun san lasifikar masallatanmu. Da ita ake sanar da rasuwa, da ita ake cigiyar yaron da ya ɓata, da ita ake neman mai akuyar da ta shiga gidan wani. Ban taɓa jin an sanar da manhaja da ita ba. Na rubuta takarda da biro, layi huɗu, na kwafe ta sau goma sha biyu: Memuna mai kwamfuta ta Maamobi tana sanar da malamai cewa sabuwar rajistar da ta saki jiya tana da ɓarna, laifinta ne. Kada kowa ya karɓa, kada kowa ya tura. Duk mai wayar da ba a sabunta ba, kada ya haɗa ta da ta kowa sai ta zo. Na yafa mayafina na bi masallatai ɗaya bayan ɗaya, ina tsayawa a bakin ƙofa ina aikawa a kira mini ladan. Wani ya karɓa nan take. Wani ya ce lasifikar Allah ba ta talla ba ce, na ce masa karatun Alƙur'anin yara ne ke ɓacewa, ya karanta takardar sau biyu ya sa a aljihu. Wani tsoho ya tambaye ni ko na tabbata ina so a faɗi wurin da na ce laifina ne. Na ce wurin ma ya fi ɗaga murya.

Bayan la'asar ina tsallaka gota sai na ji sunana yana fitowa ta sama daga wurare uku, wannan na gamawa wancan na farawa. Na ji kunya, ƙwarai kuwa. Matan da ke sayar da kifi a bakin hanya suka juyo suna kallona, ɗaya ta ce yoo, ashe ke ce. Washegari a tashar trotro wani kwandasta ya kira ni Anti mai ɓata rajista, sunan ya bi ni har shekara. Yayana ya aiko a faɗa mini na zubar da mutuncin gidanmu. Makarantu huɗu suka koma littafi da biro, biyu har yau ba su dawo ba, kuma ban ga laifinsu ba. Biyu daga cikin abokan aikin nan suka daina zuwa. Basit dai ya zauna, muka duƙufa kan gyara, ni ina bin makarantu ina kwaso tsofaffin wayoyin da ɓarnar ba ta taɓa ba. Mun ceto da yawa ta haka. Na Rukaya ne babu, don babu wanda ya saurari izun ƙarshenta sai mutum ɗaya.

Ranar Alhamis da hantsi wata mata da ban sani ba ta zo ta ce Mma Zenabu na kirana, matar marigayi Malam Yakubu. Tana takaba, ba ta fita, maza ba sa shiga wurinta. Da Basit ne ko waninsa, a zaure zai tsaya. Ni na cire takalmi na shiga har ɗaka.

Ɗaki ɗaya ne a ƙarshen wani dogon gida, bangonsa ɗaya jingine da na masallaci. Na yi mata ta'aziyya, muka yi addu'a. Sannan ta ɗaga filo ta ciro waya naɗe a cikin hular mijinta. Ta ce ita ta ɓoye ta tun ranar rasuwa, don hannunsa ne ya saba riƙe ta, ba ta so ta ga wani ya sa ta a aljihu. Ta ce daga baya zuciyarta ta yi sanyi, ta yi niyyar ba sabon malamin da ya gaji ajin, har ta aika ya zo ranar Talata bayan la'asar ya karɓa ya haɗa da tasa. Yana tsaye a ƙofar gida ladan ya fara magana.

"Na ji ka ce laifinka ne," ta ce, da irin Hausarmu ta nan. "Na ce wanda ya faɗa haka a lasifika, ba zai yi ƙarya a sauran ba. Sai na ce ya tafi, ba waya."

Kwana biyu ta yi tana neman wanda ya san shagona.

Na zauna a kan tabarmarta na buɗe jaka. Wayar ta mutu murus, wuta kuma babu a layin, sai na jona ta da ɗan batirin da nake yawo da shi, muka zauna muna jira. Kafin in kunna na cire sim. Tana tashi na kashe duk wata hanya da za ta iya magana da wata waya, na kwafe rajistar a filas biyu, na ba ta ɗaya ta riƙe. Sai da na sake duba girman kwafin sau uku. Sannan na buɗe manhajar, tsohuwar siga, na buga sunan. Rukaya Muhammad suka fito su uku, kowace da layinta. Na taɓa ta farko. Izu sittin, a jere, kowane da ranarsa. Na ƙarshen kwana huɗu kafin ya rasu.

Mma Zenabu ba ta karatun boko. Ta ga na ƙura wa wayar ido, ta ce me ya rubuta, in karanta mata, don tun da ya tafi ba ta ji maganarsa a bakin kowa ba. A ƙasan izu na sittin, a wurin 'yar maganar nan da malamai ba su cika damuwa da ita ba, ya rubuta layi ɗaya. Na karanta mata: ta kammala, karatunta ya yi kyau ƙwarai, a sanar da babanta. Ta sa na maimaita. Sai ta ce washegarin ranar ciwo ya kwantar da shi, bai sake fita ba. Ta karɓi wayar ta mayar cikin hular.

Ya kamata daga nan in wuce wurin Malam Sulemana, shi ke jiran shaida, kuma na je, kafin azahar sunan Rukaya ya koma cikin 'yan walima. Gyararriyar siga kuma sai bayan kwana tara na sa mata hannu, bayan na gwada ta da rajistar gaske ta makarantu uku, duk mai gaggawa ya yi ta yi. Amma da na fito daga gidan nan, kasuwa na fara nufa. Na bi layin mahauta ina tambaya har aka nuna mini baban Rukaya, wani dogon mutum yana sara ƙashi. Ya gane ni kafin in yi magana, duk Nima ta ji sunana, kuma ya san ni ce sanadin abin da ya sami 'yarsa. Bai amsa sallamata da daɗi ba. Na ce masa ba haƙuri na zo bayarwa ba tukuna, saƙo na kawo daga Malam Yakubu.

Ya tsaya da wuƙa a hannu. Na faɗa masa abin da aka ce a sanar da shi, kalma da kalma, na miƙa masa wayata mai hoton rubutun.

"Malam ne ya rubuta?"

"Shi da kansa."

Bai karɓa ba. Ya ajiye wuƙar, ya bar masu sayen nama a tsaye, ya je bakin famfo ya wanke hannuwansa da sabulu har gwiwa, ya goge a rigarsa, sannan ya dawo ya miƙo su duka biyun.